Kada Ka Ce Wa Likita "Da Sauƙi"

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka Lakwaja lafiya. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe, Ya sa ka shiga sabon aikin tuƙin nan da ƙafar dama, Ya haɗa ka da mutanen kirki.

Ummanka na ba, ta saka maka ita cikin jaka, ƙarƙashin dardumarka, don na san nan ne wurin da ba za ka kwana ba ka taɓa ba. Za ka yi mamaki, na sani. Tunda aka haife ka ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba. Kai ɗan fari ne, ga shi sunan mahaifina ka ci, ko kiran sunanka na yanka bakina bai taɓa yi ba. Ban da wannan kuma ka san halina, in na fara magana a hankali ba na kai ƙarshenta sai na ɗaga murya, kai kuma ka sunkuyar da kai ka ce "To, Baba," maganar ta mutu a nan. Shi ya sa na ari biro, na zauna a kan bencina na gadi a ƙofar sitonmu na Dakata, ina rubutawa tsakanin shigar mota da fitar mota. In ka ga layin ya karkace, ƙofa na tashi buɗewa.

Abba, na ga wuyanka.

Tun ranar da tifarka ta zame daga hanyar ɗibar yashi a bakin kogin Challawa ta kifa cikin rami, kowa cewa yake Allah Ya tsare, ko ƙwarzane babu. Ni ma na faɗa, kuma gaskiya ne, Ya tsare. Amma ka manta inda nake zama a masallaci. Mai salla a kan kujera ƙarshen sahu ake ajiye shi, jikin bango, kuma daga nan babu ƙeyar da ba na gani. In liman ya sallame, kowa wuyansa yake juyawa dama. Kai kuwa kafaɗa da ƙirji kake juyowa gaba ɗaya. Shekaranjiya kofin shayi ya suɓuce daga hannunka na dama, ka ce zafi ne. Shayin da aka haɗa tun kafin mu tafi masallaci! Na ce maka, "Ya jikin?" Ka ce, "Da sauƙi, Baba." Wallahi da zagina ka yi da bai yi mini ciwo kamar wannan amsar ba, don na san ta, ni ma ita na bayar.

Ka taso ka same ni da sanda da kujerar salla, kuma abin da aka faɗa muku ke nan, Baba ya taɓa yin hatsari. Bari yau in faɗa maka yadda aka yi. Ba hatsarin ne ya mai da ni haka ba shi kaɗai, akwai hannuna a ciki.

Lokacin kana rarrafe, ina tuƙa gingimarin wani Alhaji da garejinsa ke Bompai. Aikina ɗauko fatun da aka barbaɗa wa gishiri in kai kamfanonin jima na Challawa. Aiki ne mai wari, Ummanka har kwano na daban ta ware mini, amma yana ciyar da gida. Ran nan da damina, an sha ruwa da safe, na wuce Sharada da lodi har ya ɗara bodin motar, sai wani mai keke ya faɗo mini titi. Na murɗe sitiyari. Tayar gaba ta sauka daga kwalta ta taka gefen da ruwa ya cinye, kai kuma ka sani, motar da ke da lodi in ta fara karkata babu mai dawo da ita sai Allah. Ta daki bakin kwalbati ta kwanta cikin lambatu. Bayana ya bugu da ƙofa, kaina ya bugu da ƙarfen taga. Bel ɗin kujera kuwa yana nan lafiya lau a bayan kujerar, inda muke ƙulle shi don kada ya dame mu. A zamaninmu direban babbar mota da ya ɗaura bel dariya ake yi masa, a ce sabon shiga ne. Na ga yadda naka yake a tifar nan, ya yi ƙura bai san jikinka ba. Ka ɗaura shi, su yi dariyar. Masu yi mini ita a lokacin ba su zo sun taya ni ɗaukar sandar nan ba.

Ma'aikatan da suka tashi daga aikin safe ne suka rugo. Wannan ya kama hannu, wannan ya kama ƙafa, suka zaro ni ta taga. Allah Ya saka musu da alheri, taimako suka yi iya saninsu. Wani dattijo cikinsu ya ce in kwanta kada in motsa. Ni kuwa, namijin duniya, sai na miƙe na karkaɗe riga. Ba ma wannan ba, na duƙa ina taya su tsamo fatun daga ruwan lambatu, don kada a ce na yi wa Alhaji asara. Ka san nauyin fatar saniya in ta jiƙe. Jikina a lokacin da zafinsa, ban ji komai ba, ashe ƙashi ya riga ya tsage a ƙasan bayana ina ta lanƙwasa shi. Don haka in ka tarar da wanda mota ta kifa da shi, in dai ba wuta ko ruwa ke neman cinye shi ba, kada ku ja shi kamar buhun masara, kada kuma ku bari ya tashi ya nuna muku jarumta. A lallaɓa shi a kwance a miƙe har a kai shi inda za a duba shi. Wanda ya fito daga hatsari yana tafiya da ƙafarsa bai tsira ba tukuna, sai an duba.

Abokina Ɗan'asabe, wanda kuke ce wa Baba na Ringim, shi ya matsa aka kai ni asibiti. To ga inda na yi babban kuskuren. Ina kwance a kan gado, ga Ɗan'asabe, ga surukina kakanka na wajen uwa ya zo da gudu, ga kuma wakilin Alhaji a tsaye yana kaɗa makullin wata motar a yatsa. Likitan, wani matashi da layin mutane ke jiransa a waje, ya danna bayana ya ce, "Malam, nan fa?"

Na ji kamar an soka mini ƙusa mai zafi. Na dubi surukina, na dubi makullin nan, na ce, "Da sauƙi."

Ya ce, "Ƙafafun fa, kana jin su daidai?"

Babban yatsana na hagu kamar ba nawa ba. Na ce, "Alhamdu lillahi."

Ya ɗan dube ni, ya rubuta takarda ya ce duk da haka in je a ɗauki hoton bayan. Na ce to. Na ninke ta na saka aljihu, a nan Ummanka ta wanke ta tare da rigar.

Kada ka ce na yi wa likitan ƙarya da gangan. Haka aka rene mu, haka ni ma na rene ku. Bahaushe ko yana kan gargara in aka ce ya jiki zai ce da sauƙi. Kakata da hantsi ta ce wa masu dubiya da sauƙi, kafin la'asar an yi mata sutura. Ladabi ne, kuma godiya ce ga Allah, ban ce ka bari ba. Maƙwabci in ya zo dubiya, ba ka ɗora masa kayanka. Amma likita ba dubiya ya zo ba, aiki ya zo yi, kuma da abin da ka faɗa masa yake aikin. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Ka ce Alhamdu lillahi, sannan ka ci gaba: wuyana ba ya juyawa dama, yatsun nan suna sagewa, abu yana faɗuwa daga hannuna, da safe ya fi tsanani ko da yamma. Godiya ga Allah da faɗin inda ke ciwo ba su taɓa yin faɗa ba. In kuma idon mutane ne zai ɗaure maka harshe yadda ya ɗaure nawa, ka ce kowa ya fita ya bar ka da likita. Babu rashin kunya a ciki.

Makullin nan da wakilin Alhaji ke kaɗawa, na san shi ne a ranka kai ma. A gareji doka ɗaya ce tun zamaninmu: direban da ya kwanta, makullinsa ya tashi. Ga masu jira a benci, kowa da iyali. Saboda haka ban cika mako ba na koma kan sitiyari, na naɗe ƙuguna da tsohon rawani, ina bin ramukan hanyar Challawa, kowane rami sai na cije leɓe. Da daddare Ummanka ta dafa ruwa ta gasa mini bayan da tawul, ta shafa man zafi. Da safe kuma in tsaya wurin mai tallan magani a bakin gareji, ya haɗa mini ja da rawaya in kora da shayi. Yana aiki kuwa, ba zan yi ƙarya ba, sai in ji garau har azahar. Daga baya sai na ƙara, na kuma ƙarawa, har cikina ya fara ƙuna, aka ce gyambon ciki ne, likita ya kuma gargaɗe ni a kan ƙodata. Maganin bai taɓa ciwon ba, bakinsa kawai ya toshe don in ci gaba da yi masa ɓarna. Na ga fakitin da ka ɓoye a aljihun wandon aikinka, Ummanka ce ta nuna mini da ta zo wanki. Kada ka yi fushi da ita.

Shekaru na yi a haka. Ƙafar hagu ta fara da yatsa, ta hau ƙauri, wani lokaci kamar kiyashi na bi na, wani lokaci shiru kamar itace. Ita ce kuma ƙafar kuloci. Ran nan a harabar wani kamfani a Bompai ina ja da baya, na ɗauka ƙafata na kan kuloci, ashe ta zame ban ji ba. Motar ta yi tsalle ta banke ƙofar ƙarfe. Mai gadin wurin da ƙyar ya sha. Ɗan'asabe yana nan, ya zo ya buɗe ƙofar motar, bai yi mini tsiyar da ya saba ba. Ya ce, "Sule, sauko haka nan. Yau ƙofa ce, gobe ɗan wani ne." Da hannuna na kai wa Alhaji makullin. Ka ga ke nan, makullin da na ba da bayana don in riƙe, shi ma ban riƙe shi ba.

Sai a lokacin na je asibitin ƙashi aka ɗauki hoton da aka ce in ɗauka tun kana rarrafe, alhali har ka shiga firamare. Likitan ya ɗaga hoton ya nuna mini inda ƙashin ya tsage ya haɗe a karkace, yana danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Ya ce, "Malam, ina ka shige duk shekarun nan? Da ka zo da wuri akwai abin da za mu gwada. Yanzu sai dai lallaɓawa." Ya tambaye ni yadda nake ji, kuma ka yarda, saura kaɗan bakina ya sake cewa da sauƙi. Sai da Ɗan'asabe ya taka mini ƙafa, wadda ke ji.

Akwai abubuwan da ke cikin wannan lallaɓawar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ban da Ummanka. Zan faɗa maka, ka karanta ka bar su a cikinka. Alwalata ba ta riƙuwa, Abba. Jijiyar nan ba ƙafa kaɗai take riƙe da ita ba. Shi ya sa kake ganin ina makara ga jam'i, kuna zaton nawar jiki ce. Goshina ya manta sanyin ƙasa, sujadata nuni ce da kai daga kan kujera, kuma duk da na san Allah Yana karɓa, in na ga sahu ya faɗi gaba ɗaya ni kaɗai a zaune, nakan runtse ido. Ƙannenka babu wanda na taɓa cillawa sama in cafe yadda na yi maka. In hadari ya haɗu, bayana ke fara sanar da ni kafin masu rediyo.

Sai kan. Bugun da na sha a ƙarfen taga ya bar mini ƙara a kunnen dama, ba ta taɓa ɗaukewa ba, da mantuwa, da saurin fushin da ban san kaina da shi ba a da. Ka tuna yadda nake daka muku tsawa in kwano ya faɗi, har kuka koyi yin shiru in na yi sallama? Tambayi Ummanka, mutumin da ta aura mai barkwanci ne, har cewa ake na cika wasa. Likita ya ce bugu a ka yakan iya kawo irin wannan. Ba wanke kaina nake ba, tsawar ni na yi ta, kuma na san ta shiga tsakanina da kai. Abin da nake so ka ɗauka shi ne, in ka ga halinka na sauyawa bayan wannan kifawar, barci ya ƙi, ko gabanka na faɗuwa in ka ji ƙarar birki, wannan ma ciwo ne, a faɗa wa likita yake. Ni har yau in tirela ta ja birki a ƙofar siton nan sai na zabura, in waiga in ga ko wani ya gan ni.

To ga abin da nake roƙonka, kuma ban saba roƙonka ba. Kafin ka karɓi makullin motar kamfanin nan, ka je asibiti a duba wuyan da hannun, a ɗauki hoto in an ce a ɗauka, takardar kuma kada ta kwana a aljihu. Ni ba likita ba ne, ƙila tsoka ce kawai ta murɗe, a ba ka hutu kaɗan ka warware. In haka ne sai ka dawo da salla ka yi mini dariya, ka ce tsoho ya cika tsoro, na yarda. In kuma aka ce ka kwanta, ka kwanta. In aikin ya tafi saboda haka, ya tafi, ka hau mota ka dawo gida. Ɗakinka na nan, tuwon gidan nan bai taɓa gaza mutum ɗaya ba, kuma muddin ana ɗibar yashi a Challawa ana lodi a Sharada ba za a daina neman direba ba. Ka tuna kuma ba kai kaɗai ba ne a kan titi. Hannun da ya saki kofi zai iya sakin sitiyari a gangara, da lodi a bayanka da motar fasinja a gabanka. In ka kira waya Ummanka ta tambaye ka jiki, ka ce mata da sauƙi in ka ga dama. Ni in na karɓi wayar, abin da likita ya ce nake son ji.

Saura abu ɗaya, shi ne ya hana ni yin shiru na kunyar ɗan fari.

Ranar da Malam mahaifina ya rasu, wanda kake ɗauke da sunansa, kana makarantar kwana ba ka gani ba. Aka ɗauko makara daga gida, kowa na sa kafaɗa yana ba wani, har waɗanda ba su san shi ba. Ni babban ɗansa ina can baya ina dogara sanda. Da aka isa maƙabarta aka sauke shi a bakin kabari, sai liman ya ɗaga kai ya ce, "Ina Sule? Ya sauko ya karɓi mahaifinsa." Mutane suka dare mini hanya. Na zo na tsaya na leƙa. Ramin ba wani zurfi gare shi ba, yaro ma zai sauka. Amma na san in na sauka ba zan iya duƙawa ba, in kuma na duƙa da nauyinsa a hannuna, to tare za mu faɗi. Na tsaya kowa na jira. Ɗan'asabe ne ya tuɓe takalmi ya ce, "Bari in shigar maka." Shi ya karɓi Malam, shi ya kwantar da shi ya juya fuskarsa gabas. Mutumin da ya goya ni ya kai ni makarantar allo, abu na ƙarshe da ɗa ke yi wa uba, wani ne ya yi masa ina tsaye ina kallo. Duk ciwon da bayan nan ya ba ni, babu wanda ya kai na wannan ranar, kuma har gobe bai yi sauƙi ba.

Abba, kai ne babba. Rai na hannun Allah, ba mu san gawar fari ba, amma in aka bi yadda aka saba, wata rana za a sauke ni a bakin rami, liman ya ɗaga kai ya ce ina Abba. Ɗan'asabe ya tsufa, ba zai iya shigar maka ba. Ina so ka tuɓe takalmi ka sauka da kanka, ka duƙa, hannunka na dama ya tallafi kaina bai sake ni ba. Ban tara muku gida biyu ba, ban kuma nemi ka gina mini ɗaya ba. Wannan kaɗai nake nema, kuma hanyarsa ta ƙofar asibiti ta bi.

Allah Ya ba ka lafiya mai ɗorewa. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kai ka Ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka gaji abin kirkin da ka gani a wurina, Ya raba ka da gadon wannan sandar. Ummanka da ƙannenka suna gaishe ka. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini tsawar nan.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Sule